Daga Kusugu Zuwa Tudun Biri: Haƙƙin Soja A Kanmu Da Haƙƙinmu A Kansa

Duk wanda ya halarci Daura ranar Talata 15 ga Yuli, 2025, ko ya kalli abin da ya gudana ta talabijin, ya ga yadda ƙasa take sallamar sojanta idan ta so karrama shi. An ɗauko gawar marigayi Muhammadu Buhari daga Landan, aka sauke ta a filin jirgin saman Katsina lulluɓe da tutar ƙasa, hafsoshi suka ɗauke ta cikin fareti, aka wuce da ita Daura, aka yi mata salla, aka harba bindigogin ban girma, sannan aka rufe shi a cikin gidansa. Galibin mahalarta jana'izar tsohon shugaban ƙasa suka je, amma mutumin da aka binne soja ne tun kafin ya san mulki. Ya shiga aikin a 1962, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a ƙarƙashin Runduna ta Ɗaya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa mutanen garinsu ba su daina kiransa Janar ba. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne sauran sojojin, waɗanda ba wanda ya san sunansu sai iyayensu da matansu. Shekara goma sha biyar ke nan da ɗoriya ƙasar nan tana binne ƙananan sojoji daga fagen Barno da Yobe, daga baya kuma aka ƙara da dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙauyawan da suka mutu a hannun waɗanda aka aika su tsare su. Mu kuwa 'yan boko mun rabu gida biyu. Wasunmu ba sa son a ce ƙala game da soja, duk wanda ya yi tambaya a wurinsu maƙiyin ƙasa ne. Wasu kuma ba sa ganin komai cikin kaki sai zalunci. A tawa fahimtar dukkan ɓangarorin biyu sun guje wa aikin da ke gabanmu, wato auna yaƙi da mai yinsa a kan ma'aunin da addininmu da tarihinmu suka daɗe da ajiye mana.

Mai karatu zai yi mini uzuri in fara da kalmomi, domin harshe ba ya iya ɓoye abin da masu shi suka taɓa gani. Hausa tana da jerin kalmomi biyu na mayaƙa. Jeri na farko namu ne na gado: barde da barade, dakare da dakaru, ɗan lifida, sulke, kwalkwali, garkuwa, da sarautu irin su Sarkin Yaƙi da Madawaki da Ƙaura. Kusan dukkansu ƙamshin yabo suke yi, shi ya sa har yau idan mutum ya tsaya wa jama'arsa sai a ce shi ne garkuwarsu. Jeri na biyu kuwa baƙo ne, daga Ingilishi muka aro shi: soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki. Waɗannan sun shigo mana ne tare da bindigar Bature. Tun 1863 Kyaftin Glover ya fara ɗaukar Hausawa aikin soja a Legas, kuma rundunar da ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, hafsoshinta ne kawai Turawa. Masu riƙe da bindigogin da yawansu Hausa suke ji. Ke nan sojan farko da Bahaushe ya sani ɗan'uwansa ne da aka ba kaki aka turo ya murƙushe shi.

Wannan tabo bai goge ba. Daga bariki muka samo "ɗan bariki" da "barikanci", kuma ba wanda yake so a kira ɗansa da su. An daɗe a ƙasar Hausa ana ɗaukar aikin soja a matsayin mafakar yaron da ya gagari iyayensa, har sai da shugabannin Arewa na Jamhuriya ta Farko suka riƙa bin makarantun sakandare suna lallashin ɗalibai su shiga. Amma harshen nan da ya haifi barikanci shi ne kuma ya raɗa wa tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama a Runduna ta 81 da ta 82 suna mai daɗi, wato mazan jiya. Tsoro da alfahari a cakuɗe suke cikin bakinmu, kuma har yau ba mu zauna mun tace su ba.

Daura tana da abin da za ta koya wa ƙasa a nan, domin labarin kafuwarta labarin takobi ne. Ko mutum ya ɗauki hikayar Bayajidda a matsayin tarihi ko ya ɗauke ta tatsuniya, abin lura shi ne abin da kakanninmu suka zaɓa su yaba. Macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Baƙo ya zo da dare, ya nemi ruwa a gidan tsohuwa Ayana bai samu ba, ya je ya zare takobi ya kashe abin da ya tsare rijiyar, gari ya waye kowa ya sha. Ba a ce ya ƙone gari ba, ba a ce ya kama bayi ba. An ɗaukaka shi ne saboda makaminsa ya buɗe wa talaka hanyar ruwa. Ruwayar baka ta ƙara da cewa wanda ya yi ƙarfin halin matsawa ya tabbatar da mutuwar macijiyar shi aka ba sarautar Ƙaura, ya zama jagoran mayaƙan Daura. Ma'aunin da ke cikin labarin a fili yake: darajar mai makami tana rataye ne da amfanin da marar makami ya samu daga gare shi.

Malaman da suka yi nazarin halascin yaƙi, na Musulunci da na Yamma, sun raba maganar kashi-kashi, kuma rashin rabawar ne yake jefa mu cikin ruɗu. Tambaya ta farko ita ce ko akwai dalilin da ya halatta a fita yaƙin tun asali. Ta biyu ita ce yadda ake gudanar da shi bayan an fita. Ta uku, wadda aka fi mantawa, ita ce abin da ya wajaba a kan al'umma ga wanda ta aika da kuma wanda aka cuta. Kowace tambaya da mai amsa ta.

Ta farko nauyin shugabanni ce da malamai da wakilan jama'a. Daura ta ɗanɗana wannan a 1805, lokacin da Malam Ishaku ya zo da tutar jihadi ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta watsu zuwa Zango da Baure da wasu wurare, har sai farkon ƙarni na 20 da Turawa suka dawo da gidan kan karaga ta hannun Malam Musa. A daidai wancan zamani ne Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi na Barno ya riƙa aika wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, Muhammadu Bello yana ba shi amsa, kamar yadda Bello ya adana musayar a Infaƙul Maisuri. Manyan malamai biyu, mazhaba ɗaya, sun yi shekaru suna kai-kawo a kan halascin yaƙi guda. To ina ga dakaren da ke riƙe da baka da kwari a bakin ganuwa? Ba shi da ilimin da zai raba wannan gardama, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa ita. Haka kurtun yau. Ba shi ya zaɓi inda za a tura shi ba, saboda haka idan yaƙin bai dace ba, wanda ya sa hannu a takardar ya kamata a tuhuma.

Mun ga amfanin wannan rabon aiki a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfin soja don mayar da Mohamed Bazoum kan mulki. Ga mutumin Abuja wannan magana ce ta manufofin ƙasashen waje. Ga mutumin Mai'aduwa ko Zango ko Baure kuwa, magana ce ta a harbi ƙanin mahaifiyarsa da ke Magarya ko Matamaye, domin iyakar Kwangwalam layi ne da Ingila da Faransa suka ja a tsakiyar dangi ɗaya. A farkon watan Agusta Majalisar Dattawa ta nuna rashin amincewa da matakin soja, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta tafi Yamai, sarakuna da 'yan kasuwa suka ɗaga murya. An sha wahalar rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, amma ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Waɗanda suka hana wannan yaƙi sun yi wa sojan Nijeriya gatan da ya fi kowace lambar yabo, domin sun hana a aika shi ya kashe ko a kashe shi a kan abin da zama a tebur zai iya warwarewa.

Tambaya ta biyu ita ce ta sojan kansa da kwamandansa, kuma a nan ba wanda zai fake da cewa umarni aka ba shi. Musulmi bai jira Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 ba kafin ya san cewa yaƙi yana da iyaka. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya aika runduna Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rusa gine-gine da yanka dabbobi ba don ci ba. A nan gida ma, Malam Abdullahi na Gwandu, wanda shi ne ya jagoranci rundunar jihadi a Tabkin Kwatto a 1804, ya bar fagen a 1807 ya nufi gabas har ya yada zango a Kano, saboda takaicin yadda son ganima da mulki ya fara cin zukatan mayaƙa. Wanda ya fi kowa tsananta suka a kan halin rundunar shi ne ɗaya daga cikin manyan kwamandojinta, kuma ba mu taɓa jin an kira shi maci amana ba.

Misalin da ya fi dacewa da halinmu shi ne na Khalid ɗan Walid da mutanen Banu Jazima. Bayan buɗe Makka, Khalid ya kashe wasu daga cikinsu bisa kuskuren fahimtar kalmar da suka furta don nuna sun miƙa wuya. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW), sai ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya barranta daga abin da Khalid ya aikata, sannan ya aika Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe da asarar da aka yi musu. Duk da haka Khalid ya ci gaba da jan runduna, kuma laƙabinsa na Takobin Allah bai faɗi ba. Abubuwa uku suka haɗu a wuri ɗaya: an faɗi laifin a fili, an biya waɗanda aka cuta, an kuma kiyaye darajar mayaƙin. Mu a yau mun ɗauka dole sai an zaɓi ɗaya an bar sauran.

Tarihin rundunarmu yana da shafuka masu nauyi, kuma ɓoye su ba ƙauna ba ce. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da ƙa'idojin aiki ga dakarunta a 1967, waɗanda suka hana taɓa farar hula, amma hakan bai hana kisan Asaba a watan Oktoba na shekarar ba. An yi Odi a 1999 da Zaki Biyam a 2001, inda aka huce kisan jami'an tsaro a kan gari sukutum. A Zariya, cikin Disamba na 2015, kwamitin binciken shari'a da Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a kabari ɗaya. A Rann, ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. Waɗannan biyu na ƙarshe a zamanin mulkin ɗan Daura suka faru, kuma ƙaunar da muke yi masa ba za ta sa mu tsallake su ba. Sai kuma Tudun Biri a Ƙaramar Hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba, 2023, inda jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85.

Ba daidai ba ne a zuba waɗannan duka a kwando ɗaya. Akwai kisan ganganci, akwai na huce haushi, akwai na kuskure, kuma shari'a ta bambanta hukuncinsu. Sai dai akwai kalmar da muke amfani da ita wajen rufe bakin kowa, wato tsautsayi. Da zarar an ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, sai a shafa fatiha a tashi. Alhali imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba. Alƙur'ani da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. A Tudun Biri an ga alamar gyara, domin rundunar ta amsa cewa ita ce, marigayi Laftana Janar Taoreed Lagbaja ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, daga baya hedikwatar tsaro ta sanar a 2024 cewa za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Abin da ake buƙata shi ne wannan ya zama doka mai bin kowa, kada ya tsaya a kan halin kirkin wani shugaba guda.

Na san abin da masu kare soja za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Abokin gaban yau ba ya sa kaki, yana kwana cikin ƙauye, yana fakewa da mata da yara, kuma mai zaune a ofis cikin sanyin na'ura ba shi da bakin koya wa wanda ke cikin rami yadda zai harba. Mu mutanen Jihar Katsina mun fi kowa sanin darajar soja. Ba mu manta daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara alhali Shugaban Ƙasa yana hutu a Daura. Manomin Batsari ko Jibiya ko Faskari da bai iya zuwa gonarsa ba, babu abin da yake so ya gani kamar motar soja. Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. Yaƙi da wanda ya ɓuya cikin jama'a ba a cinsa sai da bakin jama'a, kuma uwar da aka kashe wa ɗa ba tare da ko ban haƙuri ba, ba za ta sake faɗa wa soja inda 'yan bindiga suka kwana ba. Wannan ƙa'ida ta hau kan 'yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da Gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2023, domin duk wanda aka ba bindiga da sunan jama'a, hisabin ɗaya ne.

Tambaya ta uku tamu ce, mu farar hula, kuma a nan ne muka fi kasawa. Mun iya neman soja ya mutu dominmu, ba mu iya tambayar ko ya ci abinci ba. A Disamba na 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita fagen daga, su kuwa suka ce ba a ba su isassun makamai ba. Shekara guda bayan haka aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma, a daidai lokacin da ƙasa ta cika da labarin binciken dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai. Wanda ya ci kuɗin harsashi ya aika yaro gaban maƙiyi hannu rabbana, yana da kaso a jinin yaron, ko da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Haka wanda ya riƙe haƙƙin matar mamaci tana yawo daga ofis zuwa ofis da marayu a bayanta. Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Da yawanmu mun san wani a unguwa da ya dawo daga Arewa maso Gabas ba ya barci, ƙarar rufe ƙofa tana firgita shi, mu kuwa sai mu ce ya fara shaye-shaye ko an yi masa asiri, alhali ciwo ne da likitoci suka sani kuma yana da magani.

Kowace ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnoni suna ajiye furanni suna sakin tantabaru don tunawa da mazan jiya. Ba laifi, amma furanni ba al'adarmu ba ce kuma ba sa biyan kuɗin makarantar maraya. Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, za ta iya fara abin da ya fi wannan. Hakimai da dagatai sun san kowane gida, don haka ba abu ne mai wuya ba a tattara sunayen 'ya'yan masarautar da suka rasu a bakin aiki, a san iyalansu, a sa marayunsu cikin rabon zakka da tallafin karatu. Asibitin Rundunar Sojan Sama da aka buɗe a Daura a 2019 zai iya zama wurin da tsohon soja mai ciwon zuciya da firgici zai je ba tare da jin kunya ba. Limamanmu su riƙa karantar da hukunce-hukuncen yaƙi kamar yadda suke karantar da na tsarki, domin yaron da zai tafi makarantar kurata ta Zariya ya tafi da su a ƙirjinsa. 'Yan majalisarmu kuma su nemi a kafa dokar diyya ga farar hular da aikin soja ya shafa, a kuma riƙa bayyana sakamakon kowane bincike ga jama'a.

Soja ɗanmu ne da muka ɗauka muka ba shi izinin yin abin da muka haramta wa kowa, wato zubar da jini, muka kuma nemi ya sa ransa a gaban namu. Wanda aka ɗora wa amana irin wannan ya cancanci girmamawa da kulawa fiye da yadda muke yi, ya kuma cancanci a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Uba nagari yana yi wa ɗansa duka biyun, ba ya kuma ganin ɗaya ta hana ɗaya. Rijiyar Kusugu tana nan har yau, baƙi suna zuwa suna shan ruwanta, suna kuma jin labarin dalilin da ya sa aka zare takobin farko a garin. Allah Ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama, Ya jiƙan bayinSa da aka kashe ba su ji ba ba su gani ba, Ya ba shugabanninmu tsoronSa kafin su aika 'ya'yan mutane fagen fama, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.